Haƙurin da Kawu Ya Ƙirƙiro

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Sati uku ke nan kekenki na ɗinki yana rufe a shagonku, duk a kan rigar malamar makaranta da ta matse. Na zauna da yayarki. Ta ce a ba ki haƙuri, har da ƙwallarta. Ki koma aiki, 'yata.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa. Amma Yaya da ƙwalla? Matar da allura ta huda wa yatsa ta ci gaba da ɗinkinta? Kawu, wasiƙa biyu ka saka a ambulan ɗina. Ta biyun ta Yaya ce, inda ka ce mata na tuba ina kuka. Yaushe?

Ban tuba ba, don ban yi laifi ba. Yaya ce ta auna malamar, ta rubuta talatin da takwas a littafin awo, ni kuwa abin da na gani na yanka. Da matar ta zo tana faɗa, sai Yaya ta nuna ni da baki ta ce, "Hannunta bai faɗa ba tukuna." Shekara tara ina yanka! Maganar nan ta ƙona mini rai. A gaban malamar aka zubar mini da mutunci, a gabanta za a mayar mini. In ba haka ba, keken ya yi tsatsa.

Ka huta lafiya.
Auta.

*

Auta,

Na ji kunya. Niyyata in yayyafa wa wutar ruwa. Na kai wa yayarki wasiƙarki yadda take, ban rage ko wasali ba. Kunnena ya sha faɗa.

Kawunki.

*

Auta,

Sannu da zuciya. Ni ma ban yi kuka ba, ba kuma zan yi ba. Na buɗe littafin. Rubutuna ne, arba'in da biyu ya kamata in sa. Malamar za ta zo Asabar ƙarfe goma, zan faɗa mata da bakina. Amma bakinki ya yi tsawo.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina kwana. Zan zo, da almakashina. Ki ɗaga murya yadda kika ɗaga ranar. A ajiye wa Kawu kujera, ya ga yadda ake yi.

Auta.