Muryar Mama a Faifan Wani Bature

Milka ƙanwata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Mama da ciwon gwiwa, yaya yara? Ni lafiya lau nake a Rotterdam. Aikin jarida bai samu ba tukuna, ina karɓar rigunan sanyin baƙi a ƙofar wani zauren kiɗa. Tsayuwa ce kawai, kada ku damu.

A zauren nan wani Bature ya ƙaddamar da sabon faifansa na kiɗan jaz. Minti arba'in na ƙarar ruwan sama, kukan jirgin ƙasa da wani ƙaho mai nishi kamar an shaƙe shi. Ana cikin haka sai ga muryar Mama. Kin tuna baƙon da ya zo Kwoi lokacin yankan citta, ya ɗauki muryoyin mata? Shi ne. Waƙar nan ce da take yi wa Kawu Samson tsiya don ya yi barci ana aiki. A bayan faifan an rubuta: "Addu'ar kakanni, ba a san mai muryar ba." Mutum ɗari biyu suka rufe ido, wata har da hawaye, a kan ragwancin Kawu.

Na tare Baturen. Wai ƙauye ne gaba ɗaya ke waƙa ta bakinta. Na ce bakin yana da mai shi, sunanta Jacinta Kumai.

Ki tambayi Mama: a sa sunanta, ko a cire muryarta? Abin da ta zaɓa zan rubuta wa kamfanin da ya fitar da faifan. Amma kada ki kunna mata. Sun ja muryar har ta koma ta namiji.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Yayanki,
Eli