Ni ce Almakashin da ta jawo aka dakatar da 'yata

Anti, ki taimake ni kafin Litinin. Na yi ɓarna da hannuna, ga haushi fal cikina, na rasa wanda zan sauke wa.

Shekara ashirin da shida ina aikin jinya, kuma ni mace ce mai karance-karance, ba na jure a raina mini hankali. Akwai wani shirin asibiti da ake nunawa a talabijin duk Asabar. A cikinsa na ga an rataye ledar ƙarin ruwa ƙasa da gadon mara lafiya, wai ruwa zai hau tudu. Na ga gawa tana numfashi. Da na gaji da zagin talabijin a falo, sai na koyi yanka hotuna da haɗa su a manhaja. In yanko likitan shirin, in dasa shi a garejin makanikai da sifana a hannu, in rubuta layi ɗaya a ƙasa. Na buɗe shafi da sunan Almakashi. Mutum dubu arba'in ke bi na, babu wanda ya san ni ce, ko a gidana.

Wata biyar da suka wuce autata ta samu aiki a wannan shirin, ita ke shirya kayan da ake wasa da su. Shekara uku ta yi tana zaman jiran aiki. Na taya ta murna, amma ban ajiye almakashina ba. Na ce wa raina ai ba da ita nake ba.

Kwamfutar hannu ɗaya gare mu a gidan, kullum tana kan teburin cin abinci. Hotunan da nake ɗauka daga shirin da nata na wurin aiki duk wuri guda suke taruwa. Ranar Talata ina neman abin yankawa, sai na ga babban likitan shirin kwance a gado, an kifa masa robar iskar numfashi a juye, wajen hanci a haɓa. Na zaci daga wata fitowar shirin ce da ta wuce ni ina bakin aiki. Ban tsaya bincike ba saboda daɗi. Na yanko shi, na jera shi da jaki mai takunkumi, na rubuta cewa wanda ya sa robar nan, ko akuya kada a ba shi ya yi jinyarta.

Ashe ba a nuna fitowar ba, sai wata mai zuwa. Na tona wa duniya abin da suke ɓoyewa, cewa likitan zai kwanta rai a hannun Allah. Daraktan shirin ya gane autata ce ta ɗauki hoton. Ya dakatar da ita, ya ce ta zo Litinin ta faɗi wanda ta sayar wa. Kuma, Anti, ita ce ta sa robar.

Ta dawo ta zauna a ƙasan kicin da jakarta a kafaɗa, ta tambaye ni ko wannan Almakashi ba shi da 'ya'ya ne. Ina yanka albasa. Albasar ce ta rufa mini asiri.

Ina jin haushin daraktan da ya ƙi ɗaukar ma'aikaciyar jinya ko ɗaya ta duba musu. Ina jin haushin yarinyar da ke kwana gida ɗaya da ni amma ba ta tambaye ni yadda ake sa roba ba. Abin da na rubuta kuma gaskiya ne, a juye take! Amma tun ranar ba ta cin abinci. In goge shafin in yi shiru? In na faɗa, ƙila aikinta ya tsira, ni kuma in rasa ta.

Uwa mai almakashi

*

'Yar'uwa, sannu da wannan nauyi. Idonki bai yi ƙarya ba, kuma suka ba laifi ba ce. Shirin da ke koya wa jama'a jinyar banza ya cancanci a taɓa shi. Autarki ma ta yi sakaci da ta bar hotunan aiki inda kowa ke taɓawa. Amma kada wannan ya fito daga bakinki, ba yanzu ba.

Goge shafi ba zai wanke ta ba. Zargin da ke kanta shi ne ta sayar da amana, kuma ke kaɗai kika san ba ta sayar ba. In kika yi shiru, za ta rasa aikin, ta fita da sunan da zai bi ta duk inda ta nema, sannan ta zo ta yi kukan a kafaɗarki. Ba za ki iya ɗaukar wannan ba, wasiƙarki ta nuna.

Ki cire hoton yau. Yau ɗin kuma ki zaunar da ita ki faɗa mata komai, ba tare da "amma" ko ɗaya ba. Za ta yi fushi. Ki bar ta ta yi, kada ki kare kanki. Sannan ki rubuta wa darakta bayani da cikakken sunanki, ki ce ke kika ɗauko hoton daga kwamfutar gida ba da saninta ba. Ki ba ta takardar a hannunta. Ita za ta zaɓa ko ki raka ta ko ki zauna gida. Ba na miki alkawarin za su mayar da ita, amma za ta shiga ofishin nan da gaskiyarta. Shafin kuwa, muddin tana aiki a shirin, ki nemi wani shirin ki yanka.

Kin yi ƙorafin ba ta tambaye ki yadda ake sa roba ba. Yarinyar da ta tashi tana jin yadda kike yi wa talabijin in ya yi kuskure, ta san abin da ke jiran mai kuskure a falon nan. In ƙura ta lafa, ki kawo roba daga wurin aiki, ki kwanta a kujera, ki bar ta ta sa miki har ta iya, bakinki a rufe.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya ba ki ƙarfin faɗa.

Anti