Wasiƙar Watan Agusta

3 ga Disamba

Zuwa ga Mamana,

Ina gaishe ki gaisuwar durƙuso har ƙasa. Ya jiki, ya ƙafar nan, ya kunne? Ya Kawu da mutanen gidansa? Auta, ke da kike karantawa, ki matsa kusa da kunnenta na dama ki ɗaga murya, kuma kada ki cinye mini rabin magana kamar yadda kika saba.

Mama, takarduna sun fito! Kin san dokar da ta ɗaure ni: wanda ya fita ƙasar nan kafin ya cika shekara biyar, ba shi ba dawowa kan aikinsa. To, sun cika cif. Na yanki tikiti, ran ashirin da uku zan taso, jirgi biyu zan hau, in Allah ya yarda ran jajibirin Kirsimeti ina tsakar gidanki ina hana ki sakat da surutu.

Nan gari ya riga ya rikice. Ko'ina fitilu, kantuna cike, waƙa ɗaya ake ta maimaitawa har na iya ta ba da son raina ba. A gidan tsofaffin da nake aiki mun kafa bishiya a falo, ni na hau kujera na ɗaura mata tauraro, saura kaɗan in karya ƙugu. Kirsimeti huɗu a jere ni nake aiki, don duk wadda ba ta da kowa a kusa ita ake rubutawa. Bana abokiyar aikina Doguwa ta ce ta ɗauke mini, Allah ya saka mata.

Ranar ba ta da daɗin gani a wurinmu, Mama. Tun safe muke yi wa tsofaffi wanka, mu sa musu kayansu masu kyau, su jeru a falo kowa ya zuba wa ƙofa ido. Wasu a zo a ɗauke su, wasu shiru. To, muna da wata dabara. Wanda 'ya'yansa ba su zo ba, ba su kuma aiko ba, sai mu rubuta kati da sunan ɗan mu ɗora a kan farantin abincinsa. Ni ake ba rubutun, wai na fi kowa iya daɗin baki. Auta, kada ki yi dariya.

Akwai tsohuwar ɗaki na tara, Mai Saƙa muke ce mata, kati uku na rubuta mata da sunan ɗanta. Ita ta koya mini saƙa, kamar yadda na sha ba ki labari. Wata bakwai ina fama da mayafin ulu, sau uku tana sa ni in warware, wai hannuna kamar na mai ɗaure buhu. Yanzu ya kammala, ruwan toka da siririn ratsin ja, don na san ba kya son kala mai ihu. Naki ne.

Bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro, don in na zo gabanki bakina ba zai iya ba. Ranar da na tafi ba da yawunki na tafi ba. Kin ce in zauna, na ƙi. Na zo sallama na same ki a kicin kina wanke tukunyar da kin riga kin wanke, ba ki juyo ba. Shekara huɗu da rabi wasiƙunki layi uku ne: in ci abinci, in rufe ƙirjina, in je coci. Waya kuwa kin ce ba kya hira da gilashi. Na roƙi gafara har na gaji, ba ki taɓa tanka wannan wurin ba.

Sai ga wasiƙar watan Agusta, inda kika ce kin yafe mini duniya da lahira, kuma kina alfahari da ni. Wallahi Mama a kan matakala na zauna na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba. Na sa ta a leda, kullum tana aljihun rigar aikina. Har Mai Saƙa na fassara wa. Ba don wannan takarda ba, da ban san da wace fuska zan shigo gidanki ba.

Kada ki wahalar da kanki da girki, ni zan yi. Ki dai tanadi faɗanki, na yi kewarsa.

Taki har kullum,
Uwar Taurin Kai


24 ga Disamba

Auta,

Ina fata kina lafiya, ke da Kawu da duk wanda aka ƙulla wannan abu da shi. Gaisuwar ke nan, ba ni da wadda ta fi ta.

A filin jirgi nake, inda zan canza zuwa na biyu. A kan gwiwata nake rubutu, ki yi haƙuri da hannun. Matar mai kemis ta layinmu ce za ta kawo miki wannan takarda, kin ga kuwa kin riga kin san abin da ke ciki.

An ɗaga tashinmu zuwa yamma, ina zaune kusa da wata ƙatuwar bishiyar Kirsimeti ina cin biskit, sai na hango ta. Daga wurin ɗanta take, jirginmu ɗaya. Na tashi da murnata na rungume ta, rabona da fuskar gida shekara biyar. Sai ta riƙe hannuwana biyu ta sassauta murya ta fara yi mini gaisuwar rashi. Ta ce Mama mutuniyar kirki ce, ta ce ranar jana'iza layinmu bai ɗauki jama'a ba, kowa yana tausaya mini da takardu suka hana ni zuwa. A watan Mayu, in ji ta, mako na uku.

Kin san abin da na yi? Dariya na yi. Na ce mata ta ruɗe, wata take nufi. Na buɗe jaka na zaro wasiƙar Agusta na miƙa mata, ni ga mai hujja. Baiwar Allah ta duba kwanan wata, ta dube ni, ta dafe bakinta ta zauna a kan akwatinta. A fuskarta na ga mutuwar uwata, Auta, a tsakiyar mutane masu jan kaya, wani ma'aikaci da jar hula yana raba alewa.

Wata bakwai! Wasiƙa bakwai na aiko tun Mayu, bakwai aka amsa mini. Wa kike karanta wa? Da na ce ki matsa kusa da kunnenta na dama, ina kika matsa? Kin zauna a ɗakinta ne kina rubuta mini ƙafa ta yi sauƙi, ko a naki? Kin tambaye ni kalar mayafi da bakinta. Na ba ki labarin warwarar da na yi sau uku, kika amsa wai Mama ta yi dariya har da hawaye.

Ni ma da nawa wautar. Yaushe Mama ta taɓa cika shafi biyu? Yaushe ta taɓa ce wa wani tana alfahari da shi? Matar da in ka yi abin kirki sai ta ce to, ba laifi. Kin sa mata zaƙin da ba ta da shi, ni kuma yunwar jin hakan ta rufe mini ido na haɗiye.

Na kira ki sau huɗu ba ki ɗauka ba. Kawu ya turo saƙo wai in iso gida tukuna a zauna. Ashe shirin ke nan, ku tare ni da murmushi a filin jirgi, ku ɗauki akwatina, sai na shiga tsakar gida ina kwaɗa mata kira sannan a zaunar da ni. Ni da na goya ki, Auta. Ni da nake tsaya miki in Mama ta ɗauko bulala. Da wani bare ne ya yi mini haka da sauƙi.

An fara kiran jirgi. Ba zan hau ba. Na gaya musu su sauke akwatina, zan koma inda na fito. Ba zan iya cin Kirsimeti a kwano ɗaya da ku ba, ina kallon bakin kowa ina tunanin me kuma aka ɓoye.

Abu biyu nake so ki amsa mini, kuma da muryarki, ba da tata ba. Ta neme ni? Kuma maganar da ke cikin wasiƙar Agusta, ta taɓa fitowa daga bakinta ko sau ɗaya?

Yayarki


28 ga Disamba

Auta,

Bayan gaisuwa. Ina fata kin samu kin ci wani abu, don muryarki a waya jiya ba ta mai cin abinci ba ce. Ki gaida Kawu, girmansa ne, ba don na huce ba.

Kin yi ta magana jiya ni kuma na kasa, shi ya sa na koma ga takarda. Na iso da safiyar Kirsimeti, ban ko buɗe akwati ba na sa rigar aiki na tafi. Doguwa ta gan ni ta saki tire. Na ce ta tafi gida wurin 'ya'yanta, ta dube ni ta ɗauki jakarta.

Tsofaffi sun jeru a falo kamar kullum. Ɗan Mai Saƙa bai zo ba. Da rana shugabarmu ta miƙo mini katuna da biro, aikin da na saba. Na zauna a kicin na rubuta sunan Mai Saƙa, hannuna ya ƙi gaba. A nan na ga ashe sana'armu ɗaya ni da ke. Na kai mata abinci babu kati. Ta duba farantin ta ce bana magatakardan ya gaji ke nan. Ashe tun na farko ta sani, wai ɗanta bai taɓa haɗa kalma biyar masu daɗi a jere ba. Ita ta fi ni wayo, ta san nata. Na ɗauko mayafin Mama daga jakar hannuna na yafa mata, ta juya shi ta ce gefen hagu har yanzu ya ɗan karkace.

Saboda haka kada ki ce ban fahimce ki ba. Na ji duk abin da kika faɗa. Kwana tara ta yi tana jinya. Kawu ya tara ku ya ce saura wata shida takarduna su fito, in aka gaya mini zan watsar da wahalar shekara huɗu da rabi in taho, kuma gaskiyarsa ne, da na taho. Amma wahalar tawa ce, uwar ma tawa ce, ni ya kamata in zaɓa. Kun zauna ku goma sha kun yanke mini hukunci kamar wata yarinya. Na kuma ji cewa roƙon da na yi a wasiƙar Yuli ne ya karya miki zuciya, kika zauna kika ba ni abin da nake nema. Kin ce da ta ƙara kwana da ta faɗa da kanta. Wataƙila. Ni da ke babu wanda ya sani, kuma yanzu babu mai sani har abada.

Duk wannan zan iya haɗiyewa wata rana. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne na ƙarshe, wanda sai da na matsa miki kika faɗa. Sau biyu ta tambaya ko an sanar da ni, sau biyu kuka ce mata ina hanya. Ta sa aka bar ƙofar ɗakinta a buɗe. Auta, shekara biyar ina kallon tsofaffi suna zuba wa ƙofa ido, na san yadda fuskar take komawa in yamma ta yi. Kun bar uwata ta tafi tana ganin an kira ni na ƙi zuwa, kamar yadda ta ce in zauna na ƙi. Ni kuka yi wa ƙarya don in samu takarda, ita me za ta samu da kuka yi mata?

Zan zo, amma ba yanzu ba, kuma ba zan faɗi rana ba, kada a shirya mini fuska.

Ga wasiƙar Agusta nan a cikin ambulan, da ledarta. Rubutu mai kyau ne, amma ba nawa ba ne, ki riƙe abinki. Na koma wa tsofaffin nan masu layi uku, su ne a aljihuna yanzu. In ci abinci, in rufe ƙirjina, in je coci. Ina yi.

Aiki ɗaya ya rage miki, tunda ke ce mai karanta mata. Ki ɗauki wasiƙuna bakwai da ta uku ga Disamba, ki je inda kuka kwantar da ita, ki karanta mata su duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya. In kin gama ki gaya mata ba a gaya mini ba. Ki tsaya ta damanta, ki ɗaga murya.

Yayarki,
wadda Mama take kira Uwar Taurin Kai