Garin Maganin da Ya Ci Idanun Ƙanena

Zuwa ga Mai Girma Suparefe, shugaban gundumar Tasawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ina yi maka barka da aiki.

Ranka ya daɗe, ni ɗan barema ne daga wani ƙauye kusa da Urafan, ina noma gonar wani a biya ni da hatsi. A ɓoye nake rubutun nan, domin an ce mana a wannan zamani na soja, talakan da ya yi ƙara shi ake fara tambaya.

Da, ina da gonata. Ruwa ya ɗauke damana biyu a jere, rumbu ya ƙare, muka ci irin shuka. Ni da ƙanena Ilu muka shiga aikin wani attajiri mai manyan gonakin wake. Ba zan faɗi sunansa a nan ba, tsoro nake ji.

Na farko. Da ƙwari suka faɗa wa waken, aka ba mu garin magani a tsumma, aka ce mu bi kunya-kunya muna kaɗawa. Babu abin rufe hanci, babu na hannu, babu ko ruwan wanke fuska. Iska ta juyo, garin ya cika idanun Ilu. Ya faɗi yana amai, jikinsa na karkarwa. Na ruga wurin wakilin gonar ina roƙon a kai shi likita da mota. Ya ce mini motar ta ɗaukar wake ce. A amalanken maƙwabci na kai shi. Yau Ilu ba ya bambanta dare da rana, kuma ɗiyansa ƙanana sun dawo wuyana.

Na biyu. Mu 'yan barema muka taru a gindin gawo don mu zaɓi mutum guda ya yi magana da yawunmu. Wakilin ya aiko cewa an hana taro a ƙasa, kuma zai gaya wa jandarma siyasa muke yi. Kowa ya watse. Tun daga ranar, in na ji ƙugin mota sai in ɗauka jandarma ne suka zo. Matata ta roƙe ni da hawaye kada in rubuta wannan.

Ga abin da muke roƙo:

A tilasta wa masu gona su ba da abin rufe fuska da hannu kafin a taɓa magani, a kuma ajiye ruwa a bakin gona.

Wanda ya ji ciwo a bakin aiki, mai gona ya kai shi likita, ya ciyar da iyalinsa har ya warke.

A ba mu izinin zaɓen wakilinmu, kada a kira shi ɗan tawaye. A kuma nuna mana ƙofar biro, wato ofis, guda da ɗan barema zai kai kuka ya dawo gida lafiya, bai rasa aikinsa ba.

Ranka ya daɗe, yunwa ba za ta bar mu mu ƙi aikin ba, har yanzu maza suna kaɗa garin nan da hannu tsirara. In kuwa wasiƙar nan ta sa an zo ɗaukata, ina roƙon alfarma guda: a bar ni in fara samo wanda zai riƙa ja wa Ilu sanda.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya ba mu damana mai albarka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan barema, ƙasar Urafan.