Babin Mai Goge

Da sunan Allah. Ni mahaifiyarku ce na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ba wanda ya sa ni. Jikin ne ya fara janyewa, kuma abin da likita ya ƙi faɗa da baki na gan shi a fuskarsa.

Ranar da ubanku Malam ya rasu ina kicin ina yanka albasa, kaset na yi a ɗakin karatunsa. Na ji ya kai ƙarshe ya yi ƙas. Tunda aka kawo ni gidan nan, kaset bai taɓa ƙarewa Malam ya bar shi bai juya ba. Na tsaya da wuƙa a hannu ina jira. Ba a juya ba. Tun kafin in kai ƙofa na sani.

Ya bar littafinsa na makaɗa a hanya. Maɗaba'ar jami'a ta karɓa, ta ba wasu malamai biyu da aka ɓoye masa sunansu suka duba. Kun tuna yadda ya riƙa kiran ɗayansu Sarkin Jan Biro, yana fushi yana gyarawa har ya gama. Abin da ya rage shi ne izinin makaɗan, kuma a nan tsorona yake.

1. Gida da abin da ke ciki a raba yadda addini ya ce, a gaban kawunku. Ba wanda nake bi bashi, ba mai bina. Kaset ɗin Malam kuwa kada a sa su cikin rabo. Muryoyin mutane ne da aka ba shi amana.

2. 'Yar Baba, ke za ki riƙe su. Ki janye akwatin kaset ɗin daga jikin bango, danshi ya fara hawa, na ga fari-fari a kan wasu. Kada kowa ya kunna ko ɗaya sai an kai maɗaba'a an kwafe. Zaren ya tsufa, kowane kunnawa yana iya zama na ƙarshe.

Yawancin makaɗan nan ba sa rubutu. Shi ya sa Malam yake fara kowane kaset da tambaya: ka yarda in sa ka a littafi? Mutum ya ce na yarda, sannan a fara kiɗa. Maɗaba'a ta amince da wannan a madadin sa hannu.

3. Injiniya, kai da ƙanwarka ku daina wuce juna a zaure kamar baƙi. 'Yar Baba, yayanki ba da gangan ya ɓata kaset ɗin tsohon mai gogen nan na cikin littafin ba. Muryar ubansa yake son ji, ya sa a rediyon mota, rediyon ya tauna farkonsa, daidai inda tsohon ya ce na yarda. Ni na gan shi ya shigo da zare naɗe a yatsu, ƙato da shi yana kuka. Ki bar kiransa Mai Hannun Ɓarna, ko da wasa.

4. Amma Injiniya, na ji abin da ka gaya wa Auta a bakin famfo, wai yatsa yatsa ne, kowa ya dangwala a takardar izini ba mai ganewa. Kunya ce take sa ka gaggawa, na sani. Ban yarda ba, ina raye ko ina ƙasa. In kuka sa yatsan ƙarya a ƙarƙashin sunan ubanku, ranar da ta fito ba ku za a zaga ba, shi za a zaga, kuma ba ya nan ya kare kansa.

Editar maɗaba'a mace ce mai kirki, ta zo gaisuwa har ɗakina. Sai dai duk kiran da ta yi yanzu ya fi na baya gajarta. Ta ce in shekara ta ƙare babu izini, ko a cire babin tsohon, ko littafin ya fita daga layin bugawa. Wannan babin kuwa shi ne ƙashin bayan aikin. Malam ya sha cewa sauran duk rakiya suka yi masa.

5. Ku je wurin tsohon ku uku. Makaho ne, yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura. Iyalinsa sun ɓoye masa rasuwar Malam don kada ta kayar da shi, har yau yana tambaya ina abokinsa mai yawan tambaya. Ya taɓa ce wa Malam kafin a buga sai an karanta masa, ya ji ko an sa masa ƙarya a baki. Ku roƙi iyalinsa, ku gaya masa gaskiya a hankali. Auta, kai za ka karanta, muryarka ta fi kama da ta ubanku. In ya yarda ya dangwala. In ya ƙi, a cire babin ku haƙura, ko da littafin ya rame.

Na so in je da kaina, numfashina ba ya kai ni ko bakin titi. Ban san wanda zai riga wani ba tsakanina da shi, kuma ba na son ku tsaya jiran gani.

Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri, ya ba ku masu yi muku abin da kuka yi mana. Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Kada littafi ya raba abin da ciki ɗaya ya haɗa. Ku ci a kwano ɗaya ko bayan ba ni.

Har zuwa yau da nake ajiye biro, ba a gaya wa tsohon ba, kuma ba a karanta masa babinsa ba.