Gwiwar Guguwa da Aka Yanka Ba Ita Ke Ciwo Ba

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Kwamitin Kula da Likitocin Dabbobi
Daga: Mai kula da dawaki, barga ta uku, filin sukuwa
Ranar 12 ga Yuni

Game da: Tiyatar da aka yi wa dokin tsere mai suna Guguwa

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ladabi, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 3 ga Janairu, hoton ƙashi ya nuna ɗan guntun ƙashi ya ɓalle a gwiwar Guguwa ta gaba, ta hagu. Aka sa ranar tiyata 17 ga wata.

2. Duk wanda ya taɓa share barga ya san idan ƙafa ɗaya na ciwo, mai lafiyar ake naɗe wa bandeji, domin ita ke ɗauke da nauyin doki. Haka na naɗe ta dama na kai shi. Likitanmu, Allah ya ƙara masa basira, ya ga bandeji ya sa wuƙa. Hoton yana cikin ambulan a hammatata, na miƙa har sau biyu, ya ce shekararsa ashirin a aiki, ba mai kwashe kashin doki zai koya masa ba. Aka rufe mini ƙofa.

3. Rahotonsa ya ce aiki ya yi kyau, an tarar da gwiwar garau. Ranka ya daɗe, a nan kam ban ƙaryata shi ba.

4. Na koma sau uku, aka ce likita yana taro. Guguwa ya yi wata huɗu a ɗaure yana jinyar ƙafar da ba ta yi laifin komai ba. Mai dokin kuwa ya yarda da takarda mai hatimi, ya sa shi a tseren 28 ga Mayu. Dokin da a da ya ci tsere bakwai cikin tara ya shigo ana naɗe tutoci, mahayinsa har ya samu sukunin gaisawa da 'yan kallo. Likita ya ce bincike ya nuna wasu dawakai sukan rage gudu bayan tiyata. Lallai, musamman masu gudu da ƙafa uku.

5. Yanzu mai dokin ya ce ranar 30 ga Yuni zai sayar da shi ga masu jan amalanke, sai in ya ga takardar hukuma cewa gwiwar mai ciwo ba a taɓa ta ba. A hannuna aka haifi dokin nan. Wallahi ba na iya cin abinci in na tuna.

Saboda haka ina roƙon a turo wani likita kafin ranar, ya rubuta gaskiya, a yi wa gwiwar hagu aikinta. Ba sai ya zo da na'ura ba, zan ja masa dokin taku goma ya gani. Bandejin kuma na kwance shi, kada a sake ruɗewa.

Ka huta lafiya. Naka cikin biyayya,

Mai kula da Guguwa, har zuwa 30 ga wata