Iskar Falona Ta Yi Tsabta

Daren Laraba, Tudun Wada

Yau yarinyar nan mai bincike ta zo duba na'urar da suka ajiye mini a falo, wadda ke zuƙar iska don a gane yadda yara ke kwaso mura daga makaranta. Ta ce, "Inna, mako uku ba ƙwayar cuta ko ɗaya. Mene ne sirrin?"

Na ce turaren wuta ne, muka yi dariya.

Na kasa gaya mata ubansu ya kwashe jikokina sun koma Kaduna. In na faɗa za su ɗauke abarsu, ita ma ta daina leƙo ni. Allah Ya yafe mini.

Ga na'urar can tana ta ƙugi. Wallahi da tarin jikana Sadiku ne, da tuni na yi barci.